Iskar Rairayi da Iskar Kwalta

Wadha 'yar Falah ta iya tuƙi tun tana da shekara goma sha uku, amma ba ta taɓa ɗora mota a kan kwalta ba sai da ta haura sittin. A jejin Summan aka haife ta, cikin tanti. Mahaifinta ba shi da ɗa namijin da ya tasa, don haka ita ya ɗora a kan tankar ruwa, ya sa mata buhun sha'ir a kujera don ta hango gaba. Can babu mai tambayar lasin. Raƙuma ne masu ƙishi, sai rairayi. Abin da ta fara koya, kafin giya, kafin birki, shi ne sace wa taya iska. Taya mai tauri nutsewa take yi a rairayi. Wadda aka rage wa iska kuwa sai ta baje kamar tafin raƙumi, ta wuce abinta.

Tana da ashirin ta auri Mutlak. Ya samu aikin tuƙa motar makaranta a Hafar al-Batin, suka dawo gari, gida mai katanga da ƙofar ƙarfe. Ta haifi biyar, biyu suka rayu: Bandar da ƙanwarsa Haila. A gari ba ta tuƙi, don a lokacin mata ba sa yi. Amma duk shekarar da aka yi ruwa, jeji ya yi kore, sai su kwashi yara su fita. Da fari da tanti suke zuwa. Da gadon bayan Mutlak ya daina yarda da kafa turaku, sai ya sayi karafan na hannu a wurin wani mutumin Kuwait: ɗaki ɗaya a kan taya biyu, da gado, da murhun gas, da taga, ana jan sa da a-kori-kura.

Aikin hanya a rabe yake a tsakaninsu, kuma ba su taɓa zama sun raba shi ba. Babbar hanya tana da shingen waya don raƙuma, kuma a gefen da suke shiga ƙofa ɗaya ce tak, kusa da wata tsohuwar ganga da wani ya cika da siminti. Mutlak ne ke tuƙi daga gida zuwa gangar. A nan Wadha ta sauko, ta bi tayoyi shida ɗaya bayan ɗaya tana sace musu iska da tsinken ashana, ba ta neman ma'auni, da ido take gani. Daga nan sitiyari nata ne. A dawowa kuma ita ke kawo su gangar, ta sauka ta zuba wa kanta gahawa, Mutlak ya ɗauko ɗan injin iskarsa ya maƙala a batir, ya durƙusa ya mayar da abin da ta cire. Shekara talatin da wani abu haka suka yi.

Mutlak mutum ne mai sakaci da kansa. Takalminsa ɗaya, haƙoransa sun zube bai je asibiti ba. Amma tayoyin karafan ɗin nan ya ɗauke su kamar amana. Da zafi ya shigo, sai ya rufe su da buhunan algarara don rana. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ya haɗa motar, ya ja karafan ɗin gaba kamu ɗaya, Juma'a mai zuwa ya mayar da shi baya, don kada taya ta zauna a fuska ɗaya wata tara. Yana yin alama da alli a jikin tayar. Wadha ce ke tsayawa tana kallon allin, ta ce masa ya isa.

"Da ka kula da ni kamar yadda kake kula da baƙaƙen nan," ta kan ce masa, "da har yanzu ana kallona a biki."

"Ke in abu ya dame ki, unguwa ma sai ta ji," in ji shi. "Waɗannan ba sa magana. Sai sun kifar da mutum."

Wata ranar Talata ya mutu, da hantsi. Ba ya ciwon komai. Ya sha gahawa, ya ce kofin ya yi masa nauyi, ya ajiye, shi ke nan.

Shekara huɗu karafan ɗin yana tsakar gida bai motsa ba. Buhunan suka ruɓe suka zube, Wadha ta share su. Da yamma ta kan shiga ciki ta zauna a bakin gadon, ta bar ƙofar a buɗe. Ba kuka take yi ba. Zama take yi, domin a cikin gidan ɗakuna sun yi yawa.

Bandar yana aiki a Jubail, yana zaune a bene hawa na huɗu. Ya gyara mata ɗaki, har da sabon gado da na'urar sanyi. Ta je ta yi wata biyu. Matarsa mai kirki ce, jikoki suna gaishe ta kafin su koma kan wayoyinsu. Ba wanda ya yi mata laifi, ba kuma wanda yake buƙatar ta yi wani abu. Tagar ɗakin ba ta buɗuwa. Ta kan wuni tana kallon motoci ta gilashi, har ta san wanda ke fita da wuri da wanda ke makara a cikin mutanen da ba ta san sunansu ba. Ranar da ta ga ta fara jiran wata jar mota kamar 'yar'uwa, ta ɗaure kayanta ta koma gida. Da aka fara ba mata lasin, ta sa Haila ta kai ta, ta karɓo nata. Ta koyi kwalta a hankali, daga gida zuwa kasuwa, tana zagin masu yi mata oda.

Bana aka yi ruwa irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Ta kira Bandar ta ce za ta fita.

"Ki jira ni, Yumma. Ƙarshen mako zan zo in kai ki." Yumma yake ce mata, wato Inna.

Ƙarshen mako uku suka wuce. Ciyawar jeji ba ta wuce mako shida, kowa ya sani. Ta sake kira, ta ce gobe ko jibi za ta tafi da kanta.

"Ke kaɗai? Da wannan akwatin? Yumma, abin nan ya mutu a tsaye. Na samu mai saye ma. Ki bari a sayar, ki dawo wurinmu ki huta."

"Na huta a wurinku har na kusa mutuwa."

Sai ya sako Haila cikin kiran don ta zama shaida. Ya ce ya yarda ta je. Amma idan wani abu ya faru a hanya, ko da taya ce ta fashe, to a sayar da karafan, a rufe gidan, ta koma Jubail, ba sauran gardama. Idan ta je ta dawo lafiya, shi ma ba zai sake tayar da maganar ba.

"Na ji," in ji Wadha. "Haila, ke ma kin ji."

Washegari ta aika aka kira Mahyub mai faci, mutumin Yaman, wanda ya yi wa Mutlak aiki shekara ashirin da biyar. Ya zo da safe da jak a bayan mota, ya tsufa shi ma, yana jan ƙafa. Ta ce masa iska kawai take so ya ƙara.

Ya durƙusa, ya tofa yawu a yatsa, ya goge gefen tayar har wasu lambobi huɗu suka fito.

"Umm Bandar, zo ki gani. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wannan tayar shekararta tara."

"To sai me? Dubi zanenta. Ko suɗewa ba ta fara ba."

"Ina za ta suɗe? Ta je wani wuri ne? Sau biyu take taka hanya a shekara, shekara huɗu kuma ko sau ɗaya. Tayar karafan ba tafiya ke cinye ta ba, rana ce da zama." Ya danna gefen da babban yatsa, sai ga tsaga ƙanana sun buɗe, birjik, kamar bayan hannun tsohuwa. "Wannan ko gidan mai ba za ta kai ki ba."

"Kai dai ɗan Yaman, ciniki kake nema."

"Ciniki nake nema, Allah ya sani. Amma ba na son Mutlak ya tare ni gobe ƙiyama da sifana."

Ta yarda a canja biyun. Da ya nufi safayar da ke rataye a bayan karafan ɗin, sai ta ce ya bar wannan. Mutlak ne ya saye ta wata ɗaya kafin ya mutu, ba ta taɓa taka ƙasa ba, har ƙananan gashin roba suna nan a jikinta.

"Ni na sayar masa, na sani," in ji Mahyub. "Amma ita ce ta fi shan rana. Waɗancan ko inuwar ɗakin suna samu. Ki ajiye ta in kina so, amma kada ki tafi da ita a matsayin mai cetonki."

Wadha ta dubi tayar, ta danna da nata yatsan, ta ga abin da ya gani. Ta ce ya cire. Daga baya ta kwantar da ita a gindin katanga, ta cika ta da ƙasa, ta shuka na'ana'a.

Da ya ɗaura sababbin, ya ɗaure notuna, ya ce in ta yi kilomita hamsin ta tsaya ta sake ɗaure su, domin sabon ɗauri yana saki. Sannan ya tambaye ta iska nawa take sawa.

"A rairayi, in ta yi ciki kamar haka." Ta nuna da hannu.

"A kwalta fa?"

Shekara talatin tana tsaye a wurin da kofi a hannu, bayan Mutlak take gani. Ba ta taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Rabin aikin ta sani. Ɗaya rabin an binne shi da mai shi.

Mahyub bai yi mata dariya ba. Ya ɗauko fenti ya rubuta a cikin ƙofar karafan ɗin, manya-manya: sha takwas, hamsin, wato iskar rairayi da iskar kwalta. Na motar kuma ya rubuta a ƙofar motar. Ya nuna mata yadda ake karanta ma'aunin iskar da Mutlak ya bari, ya sa ta yi da hannunta sau uku.

"Taya mai ƙarancin iska a kwalta lanƙwashewa take yi tana miƙewa, tana zafi daga ciki," ya ce. "Ba za ki ji komai ba a gaba. Sai dai ki ga ɗakin ya riga ki."

Ta fita ranar Lahadi da hantsi, ba ta wuce gudun saba'in ba, manyan motoci suna wuce ta suna girgiza ta. A kilomita hamsin ta tsaya, ta sa sifana, ta hau kanta da ƙafa har kowane noti ya yi ƙara. A gangar ta sace iska, ta shiga jeji, kafaɗunta suka sauka.

Wurinsu na da yana nan, wani ɗan kwari mai bishiya ɗaya. Furanni sun rufe ƙasa, rawaya da shuɗi. Mutanen ne babu. Iyalin da suke sauka a gabas, mijin ya mutu, matar tana asibiti a Dammam. Na yamma 'ya'yansu sun sayi gidan hutu mai wurin iyo. Can nesa akwai samari da motoci masu ƙara, ba ta san iyayensu ba. Ta kan tashi da sassafe ta bi inda ƙasa ta tsage, ta tono faga'a, wani abu mai kama da dankali da ke fitowa a cikin ƙasa bayan ruwa, da tsohon cokali. Ta samu da yawa, fiye da kowace shekara. Ta dafa da shinkafa, ta zuba a babban faranti don hannunta bai san ƙarami ba, ta ci gefe ɗaya. A kwana tara na farko, mutum ɗaya ta yi magana da shi ido da ido, wani makiyayi ɗan Sudan da ya zo neman ruwa. Ta ba shi ruwan da sauran shinkafar, ta riƙe shi da tambayoyi a kan tumakin da ba nasa ba, har ya ce rana tana yi masa.

Kowace safiya tana zagaya tayoyin, ta cire ƙaya, ta rufe gefen rana da tsohon bargo. Bayan kwana biyu-biyu ta kan hau wani tudu inda waya ke kamawa, ta gaya wa Haila tana raye.

Mako uku ta yi. Da ciyawa ta fara yin ja, ta gaya wa Haila ranar Asabar za ta dawo. Ranar Asabar ɗin, wajen ƙarfe goma, sai ga ƙura, sai ga Bandar a babbar motarsa, cikin farar jallabiya da baƙin tabarau. Motarsa mai ƙarfi ce, da ƙarfin inji ta keto rairayin, bai rage wa ko taya ɗaya iska ba. Ya sumbaci kanta, ya ce ta rame, ya dubi agogo. Gobe da sassafe yana da aiki, kuma Jubail ba kusa ba ce.

"Motar Baba ta tsufa. Ni zan ja, ke ki biyo ni a hankali."

Kafaɗarta tana ciwo tun ranar da ta ɗaga tukunyar gas, don haka ta bar shi ya haɗa. Ta duba sarƙar, ta duba makullin ƙugiyar.

"Ka tsaya a gangar," ta ce.

"To."

"Bandar. Gangar."

"To, Yumma, to."

Ita ta haife shi, ta san wannan "to" ɗin. Tun yana yaro, in ya ce shi sau biyu, bai ji ba. Ta bar shi ya yi gaba a kan sawun motoci, ita kuma ta karya hagu, ta bi ta bayan tudu, inda rairayi yake da laushi, inda ba mai bi sai wanda ya girma a kai. Tsohuwar motar ta yi ta lilo tana wucewa. Ta riga shi zuwa da kusan minti biyar. Ta gicciye motar a ƙofar shingen, ta kashe, ta sauko da ɗan injin iska da ma'auni, ta zauna a kan gangar.

Ya iso bai rage gudu ba sai da ya ga hanya a toshe. Ya sauke gilashi.

"Yumma, mene ne haka kuma? Matsa mana."

"Sauko."

"Gidan mai yana nan gaba, kilomita talatin. Suna da babban inji, minti biyu an gama."

"Kilomita talatin a irin gudunka, rana tsaka, da iska sha takwas. Je ka duba abin da aka rubuta a ƙofar can."

"Sababbi ne fa! Ke kika ce sababbi ne."

"Sabuwa ma dahuwa take yi. Shekara talatin ubanka yana tsayawa a nan. Me kake tsammani yake yi?"

Bandar ya cire tabarau. "Wallahi na ɗauka fitsari yake yi."

"Minti arba'in? A durƙushe? Allah ya shirye ka."

Ya yi 'yar dariya, ya sake duba agogo, ya ce zai tafi a hankali, ba zai wuce tamanin ba, ya rantse. Wadha ba ta tashi daga kan gangar ba.

"Saurara, ɗana. In ta fashe a hannunka, ba za ka ce kai ne ba. Za ka kira Haila ka ce akwatin ya tsufa, Yumma ta tsufa, alkawari ya cika. Kuma za ka yarda da abin da ka faɗa. Ni ba zan koma bayan gilashi don kana sauri ba."

Bai ce ƙarya take yi ba. Ya tsaya yana kallon manyan motoci suna wucewa ta bayan shingen. Sannan ya tattare jallabiyarsa, ya durƙusa a gefen tayar karafan ɗin. Bai san inda ake maƙala wayoyin injin ba, ta nuna masa: ja a ja, baƙi a baƙi. Ya riƙe ma'aunin a juye, ta juya masa. Injin ƙarami ne, yana kuka kamar ɗan akuya, taya ɗaya tana cin minti biyar, kuma bayan kowace biyu sai an bar shi ya huce. Ta zuba wa kanta gahawa. Daga inda take tsaye bayansa take gani, gashin ƙeyarsa ya fara fari. Wannan karon ta matso, tana kallon allurar.

"Arba'in da biyar," ya ce. "Ya isa haka."

"Hamsin."

Da suna jiran injin ya huce, ya zauna a ƙasa ya jingina da motar.

"Me kike samu a can ciki, Yumma? Na ga wurin. Ba kowa."

"A gidanka ma ba kowa, daga safe har yamma. A can dai in na buɗe ƙofa, waje nake fita."

Suka gama tayoyi shida, gwiwoyin jallabiyarsa sun yi ja. Ta janye motar daga ƙofar, ya hau kwalta, ta bi shi a baya tana kallon tayoyin nan biyu har Hafar al-Batin. Ba abin da ya faru.

A tsakar gida ya kwance ƙugiyar, ya sha kofi ɗaya a tsaye. Ta cika masa leda da faga'a, ta ce matarsa ta wanke su da buroshi, kada ta fere. Ya ce alkawari alkawari ne, zai gaya wa mai sayen ya nemi wani. Ya ce baɗi shi zai kai ta tun daga farko. Ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ya fita, ta tura ƙofar ƙarfen ta sa sakata.

Cikin makon ta sayo buhuna shida ta ɗinke su biyu-biyu, ta rufe tayoyin, sabuwar safayar ma ta yi mata nata. Ranar Juma'a bayan la'asar ta haɗa motar, ta ɗaga buhun, ta ja layi da alli. Ta shiga ta ja gaba kaɗan. Ba mai cewa ya isa. Ta ja birkin hannu, ta sauko, ta zagayo ta duba: bai kai ba. Ta koma, ta ƙara, ta sauko: ya wuce, allin ya kusa dawowa inda yake. Ta sake hawa, gwiwarta tana ƙara, ta yi baya kaɗan. A na uku ya tsaya daidai. Ta mayar da buhun, ta sa dutse a gaban tayar da bayanta, ta jefa allin a aljihun ƙofar motar, inda Mutlak yake ajiye shi. Sannan ta ɗebi ruwa ta ba na'ana'a.